Ranar da Sirrin Malam Tanimu Ya Faɗo Hannun Sista Hansatu

Wata rana da hantsi, a wani asibitin gwamnati da ba zan kama sunansa ba, aka turo wani mutum a keken marasa lafiya zuwa ɗakin maza.

Nas ɗin da ke bakin aiki, Sista Hansatu, ta taso karɓarsa. Tana ganin fuskarsa ta gane shi.

Malam Tanimu ne.

Bari in mayar da ku baya kaɗan, don ku san wane ne wannan bawan Allah.

Shekarun baya Hansatu tana aiki a wani asibitin kuɗi. Tanimu shi ne jami'in kula da ma'aikata a can. Ɗaukar aiki, hutu, ƙarin girma, sallama, duk ta teburinsa suke bi. Irin mutanen nan ne masu ƙamshin turare da kaifin baki.

Ita kuwa Hansatu tana da farfaɗiya tun tana ƙarama. Tana shan maganinta, ta daɗe rabonta da faɗuwa. Abu ɗaya ke tayar mata da ciwon, rashin barci.

Sai ta shiga ofishinsa, ta rufe ƙofa da hannunta, ta faɗa masa, ta roƙi a rage mata aikin kwana.

Amana ta ba shi, kuma riƙe irin wannan amanar shi ne aikin da aka ɗauke shi ya yi.

Gogan naku fa? A taron ma'aikata na ranar Litinin ya miƙe ya ce a riƙa sa ido kan Sista Hansatu, kada ta zube kan majiyyaci da allura a hannu. Har da kwaikwayon karkarwa, wallahi. Ɗaki ya kwashe da dariya, ita tana zaune a tsakiya.

Kafin a ce me, magana ta kai kunnen masu shara, ta kai kunnen masu jinya. Kun san mutanenmu da farfaɗiya, har gobe wasu na cewa ana ɗaukarta ta yawu. Iyaye mata suka riƙa janye 'ya'yansu in ta matso. Abokan aikinta suka daina taɓa kofin da ta sha ruwa da shi.

Mai asibitin, Alhaji Sambo, ɗan kasuwa ne, bai san komai a harkar lafiya ba. Ya ce a sallame ta. Tanimu ya yi sallamar yana murmushi.

Ta fito tana kuka, ta ja masa Allah ya isa a bakin ƙofa. Ta sha zaman gida kafin ta samu aikin gwamnati, kuma duk tsawon zaman nan roƙonta ɗaya ne: Allah ya nuna mata ranar da Tanimu zai shigo hannunta.

To ga ranar ta zo, an turo mata shi har gaban teburinta.

Kun san me ya kawo shi? Faɗuwa ya yi a gida yana jijjiga, kumfa na fita a bakinsa. Da likita ya matsa masa da tambaya, ya amsa cewa ƙwayar tiramol yake sha. Da ciwon baya ya fara, har ta kai ba ya iya fita ofis sai ya haɗiya. Ya roƙi likita kada kowa ya ji, Hansatu kuwa tana tsaye a wurin, ta ji komai. Iyalinsa ma taifod ya ce musu.

Wannan fa mutumin da ya taɓa korar direban asibiti kan zargin shaye-shaye ne.

Hansatu ta san in maganar nan ta fita, kujerarsa ta tafi, mutuncinsa ya bi ta. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyarta ta yi fari ƙal. Tana ɗaura masa ruwa tana jin daɗin yadda yake kau da kai, ya kasa haɗa ido da ita.

Bayan la'asar 'yan dubiya suka cika ɗaki, da filas ɗin kunu da ledojin ayaba. Cikinsu har da Alhaji Sambo da tsoffin abokan aikinta, waɗanda suka yi dariyar nan.

Kuma kun san halinmu a wajen dubiya. Ba ma tashi sai mun tare nas mun ji ainihin abin da ke damun mutum.

Alhaji Sambo ya yafito ta. Bai ma gane ta ba.

"Sista, ni ne ubangidansa. Taifod ba ya kayar da mutum haka. Faɗa mini gaskiya, me ke damunsa?"

"Na san abin da ke damunsa sarai, Alhaji."

Ta yi shiru, da gangan. Ta bar shirun ya yi tsawo. Tanimu ya zuba mata ido daga kan gado. Kalmar tana kan harshenta, kuma Allah ya sani tana son ta sake ta.

"Amma ba zan faɗa ba. A nan, abin da mutum ya faɗa mana a sirri ba ma kai shi ɗakin taro."

A nan tsoffin abokan aikin suka gane ta. Ɗaya bayan ɗaya suka sunkuyar da kai, wata har ta shiga gyaran filas ɗin da ba abin da ya same shi.

Da ɗaki ya watse, ta zo canza masa ruwa. Tanimu ya ce, "Hansatu, don Allah ki yafe mini."

"Sista Hansatu," ta gyara masa. "Ban yafe ba, Malam. Allah ya isata tana nan inda na ajiye ta. Sirrinka kuwa na riƙe ne don aikina, ba don kai ba. Miƙo hannun."

Ta sa masa allura a hankali, ko zafi bai ji ba.

Tanimu ya warke, ya koma ofishinsa. Har yau yana kan kujerar, kuma kullum ya zauna ya san wadda ya yi wa kwaikwayon karkarwa ce ta bar masa ita. Ya turo mutane ban haƙuri, ta ba su ruwa suka sha, ta sallame su.

Ni kam ban taɓa ganin ramuwa mai ɗaci kamar wannan ba.

Darasi: Duk wanda aiki ya ɗora kan sirrin mutane, nas ne ko jami'in ma'aikata, ya sani ba abin hira aka ba shi ba. In an zalunce ka, kana da damar ƙin yafewa, amma kada ka rama da amanar aikinka. Mu kuma 'yan dubiya, mu kai ayabarmu, mu yi addu'a, mu daina tare nas da tambaya.

Ku tura wa duk wani mai ofis da kuka san bakinsa ba ya rufuwa. In ya yi fushi, to da shi ake.