Layar Inna a Gaban Kwamiti

"Buɗe ta!" in ji shugaban kwamitin ladabtarwa. Malamai biyar sun zuba mini ido, ga layata a kan tebur.

A shekarun tamanin ne, ina makarantar koyon shari'a. Mai gadin jarrabawa ya ga ina shafa aljihu, ya ce satar amsa nake. Hukuncinta kora, amma ba a korar ɗalibi sai an ji ta bakinsa.

Na ce wa shugaban, "Muse, addu'a ce. Innata ta aiko mini daga ƙauyenmu Allakaye."

Aka farke fatar. Gaban takardar Larabci, bayanta kuwa Faransanci, da rubutun hannuna!

Shugaba ya karanta, sai ya fashe da dariya. Ashe malamin ƙauyenmu da ya rubuta layar takarda ya rasa, Inna ta yago masa daga tsohon littafina na firamare. Dikte ce, wato shifta, an zabga mata ƙaton ziro da jan biro.

"Ɗana, in wannan za ka kwafa, kai muke tausayi! Koma aji."

Da tsalle na fita! Yanzu ni ma malami ne, har yau ba na hukunta ɗalibina sai na saurare shi.

Ku fa, mi Inna ta taɓa cusa muku a aljihu?