Ranar da muryar Daniyel ta fashe

Na yi shekaru ina aikin lasifika a gidan al'adu na Filinge, amma akwai rana ɗaya da har gobe ba ta fita raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu, bari in ba ku labarinta.

Lokacin bazara ne, tun hanya tana da lafiya. Takarda ta iso wa direktanmu cewa wata ƙungiyar mawaƙan coci daga Yamai za ta yi wasa a zaurenmu bayan la'asar. A ƙa'idar aiki, direkta kan sa wa takarda hannu ya miƙo mini, ni kuma in shirya zaure da kujeru da na'urori. Tun da safe na kafa makirfo huɗu.

Da hantsi suka iso: yara maza goma sha biyu, manya uku masu kayan kiɗa, da shugabansu, wani dattijo da ake kira Mushe Andire, wato Malam Andire a bakin ƴan Faransanci. Yana ganin wayoyina ya ce, "Malam Isuhu, kwashe su duka. Waƙoƙin nan na yabon Allah ne, sun fi shekara ɗari uku. Yadda aka yi su a da, haka muke yin su."

Kayan kiɗan ma na da ne. Gogensu tsirkiyar hanjin tumaki gare shi, sarewarsu kuma ta icce ce. Zafin garinmu ya sa kowane ɗan lokaci sai sun tsaya sun sake ɗaure tsirkiya.

Aka fara gwaji. Wani yaro mai suna Daniyel, ɗan shekara goma sha uku, shi ke ɗaukar baitin da ya fi tashi sama, shi kaɗai. Ya buɗe baki ya fara. Ban san kalma ɗaya cikin abin da yake faɗi ba, amma na ajiye wayar makirfon da nake nannaɗewa. Yana kaiwa can ƙololuwa, sai muryar ta fashe, ta faɗo ƙasa kamar ta wani ƙato.

Mushe Andire ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Ya sa shi ya maimaita har sau uku, duk haka. Sai ya matso, ya ba shi hannu kamar yadda ake gaisawa da babba, ya karɓi farar rigar waƙa da ke kafaɗarsa, ya miƙa wa wani ƙaramin yaro.

Na yi zaton mura ce. Na ce, "Mushe, a ba ni minti goma in samo zuma da citta."

Ya ce, "Ba mura ba ce. Girma ne ya zo. Daga yau ya gama."

"Ya gama mi?"

"Waƙar yara. In na tilasta shi, muryar ta lalace har abada. Zai yi shiru shekara ɗaya ko biyu. Wasu kan dawo da muryar manya, wasu ba su dawowa."

Shekara shida yaron nan yana wannan aiki, in ji ɗaya daga cikin makaɗan, ga shi an sallame shi tsakanin hantsi da azahar, ba laifin da ya yi. Na kasa haƙuri, na ce, "Ko da haka ne, a gaban ƴan uwansa?"

Dattijon ya dube ni ya ce, "Kowanensu ranarsa tana tafe. Gara su gani ba abin kunya ba ne. Ni da tawa ta zo, ba wanda ya ba ni hannu."

Da la'asar zaure ya cika da malaman lakwal, wato makarantar boko, da ma'aikata da ƴan kallo. Daniyel ya zauna kusa da ni a baya, cikin rigarsa ta gida. Na ce masa, "Sannu, ɗana."

Ya ce, "Baba, sati uku ke nan na sani. Ɓoyewa nake yi, don in zo tafiyar nan."

Aka fara. Leɓunansa suna motsi tare da kowace kalma, ba sauti. Da ƙaramin ya nufi wurin nan mai wuya, Daniyel ya damƙe hannuna har farcensa ya shiga fata. Yaron ya haye lafiya, zaure ya ɗauki tafi. Na juya, na ga hawaye har haɓarsa, amma abin da ya ce shi ne, "Ya yi saurin jan numfashi. Zan nuna mishi a mota."

Washegari suka koma Yamai. Ban sake jin labarinsa ba, ban san ko muryar ta dawo ba.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan mutum ba ya zaɓar ranar da zai sauka, kuma yawanci ba kowa ke lura ba, don idon jama'a yana kan wanda ya hau. Tun daga ranar, duk wasan da aka yi a zaurenmu, kafin in kashe fitilu sai na duba kujerun baya in ga wa ke zaune shi kaɗai.