Littafin Inna a Ƙarƙashin Albasa

Wata Lahadi ce bayan girbi, ina aji huɗu, kwandona ya kife a tsakiyar kasuwar Illela. Wani mai amalanke ne ya goge ni. Albasa ta watse har ƙarƙashin ƙafafun awaki, sai ga littafin waƙoƙin cocin Inna shimfiɗe a ƙasa, gicciyen da ke bangonsa yana kallon kowa. A gaban rumfar Malam Shehu abin ya faru, mahaifin ƙawata Balki, mai makarantar allo a unguwarsu, kuma Balki tana tsaye a gefensa.

Mu Hausawa ne, Kiristoci, gonarmu tana wajen Amarawa. Sunana Saratu, sunan da ba ya tona asirin kowa, ni kuwa na lafe a bayansa. Tare muke carafke da Balki a filin makaranta, tare muke gaɗa, mu raba ƙuli-ƙuli ɗaya gida biyu. Da azumi nakan ƙi taɓa ɗumamen da Inna ta ƙunsa mini, in yi ta lasar leɓe kamar kowa, in na dawo gida in afka wa tukunya kamar kura. Tsorona ɗaya ne: ranar da Balki ta gane, ta daina zama kusa da ni. Da yake ranar coci ita ce ranar kasuwa, kuma ta cikin kasuwar muke ratsawa zuwa coci, sai na ƙirƙiro dabara. In riga Inna fita, in tura littafinta ƙasan kwando, in rufe da albasa, ga ni 'yar talla. Ni a ganina duk garin babu mai wayona.

Malam Shehu ya sunkuya ya ɗauki littafin, ya kakkaɓe shi da hannun rigarsa. "Wanga na wa na?" Ban san lokacin da bakina ya ce, "Ba nawa ba na, Malam, tsintar shi na yi," ba. Ya sake tambaya, na sake musu, har da rantsuwa.

Sai na ji muryar Inna daga bayana. Ashe ta iso, ta ji komai. Ta ɗan rusuna ta gaishe shi, ta miƙa hannu biyu. "Malam, nawa na," in ji ta. Ta dafa kaina. "Ɗiyar ga ma tawa ta."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma abin da ya ƙara daskarar da ni shi ne Balki, da ta durƙusa tana tsince mini albasa, tana cewa, "Ke Saratu, mi kike ɓoyo? Shinkafar Kirsimetin da muke ci, ba daga gidanku take zuwa ba?" Ashe kowa ya sani! Duk yunwar da na sha da azumi, ni kaɗai nake yaudara.

Daga nan muka wuce coci. Inna ta buɗe littafin a tsakaninmu, yana ta warin albasa, ta matso da shi wajena. Ba ta yi mini faɗa ba, ran nan ko wata rana. Na daɗe da sanin labarin da ake karanta mana a coci na almajirin da ya yi musun Ubangijinsa sau uku, amma sai a kan wannan benci na gane abin da ya sa shi kuka.

Yanzu 'yata takan rungume littafin nan a ƙirji ta ratsa kasuwa, Balki kuma har yau ita ce ta farko a gidana in an yi haihuwa ko rashi. Inna ce babu. Na sha damuwa da yadda mutane za su gan ni, alhali wadda na yi musunta a bainar jama'a ba ta taɓa jin kunyar cewa ni tata ce ba.