Rumbun da Kwamfutar Yaya Umaru Ba Ta Ga Ƙarshensa Ba

Shekara goma ke nan da rasuwar yayana Umaru. Takwas daga cikinsu na yi su ina jin haushinsa, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. A shekarun nan ina yi masa addu'a bayan kowace salla, amma ƙullin yana nan a zuciyata. Duk a kan wani ƙarfe ne da bai wuce tafin hannu ba, rumbun ajiyar kwamfuta, abin nan da masu gyara ke kira had-disk.

Mahaifinmu bafataken shanu ne. Daga Sakkwato yake loda su a mota zuwa kudu, wani zubin ya yi wata biyu bai komo ba. Bai yi boko ba, Inna ma ba ta karanta wasiƙa, don haka sai ya zauna a masauki da rediyonsa ya yi magana a kaset, ya ba direban da zai dawo gida. Haka yawancin fataken unguwarmu ta Ƙofar Atiku suke yi. Ranar da kaset ya iso, shimfiɗa tabarma ake yi a tsakar gida. Baba zai gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya yi faɗan wanda aka kai masa ƙara, in ya zo kan Inna sai ya ce a gaida masu gida, ya wuce. Ita ma ba ta taɓa kama sunansa ba. Ba ta kuma taɓa kama sunan Yaya ba, saboda ɗan fari ne. Har furfura ta fito masa a gemu "yaron nan" take ce masa.

Bayan Baba ya rasu, kaset ɗin suka zauna a akwatin ƙarfe, zafin garin nan yana cin su a hankali. Yaya yana aikin akawu a kamfanin siminti na Kalambaina a lokacin. Ya sayi wata kwamfuta ta hannu, mai ƙugi kamar injin markaɗe, ya soma juye muryar Baba a cikinta. Labari ya bazu. Wannan ta aiko da kaset na mijinta a leda, wancan ya kawo na kakansa, shi kuwa bai iya cewa a'a ba. Ba a jima ba rumbun kwamfutar ya cika.

Ya sayo sabo mai giga ɗari biyu da hamsin, ya ɗaura, kwamfuta ta nuna masa ɗari da talatin da 'yan kai. Ɗan bafatake ne, nan take ya yanke hukunci an cuce shi. Ranar ina da cefane a kasuwa, sai na bi shi har shagon Sanusi mai gyaran kwamfuta, wanda ya sayar masa.

"Sanusi, saniyar ga ruwa anka ɗura mata kahin a kawo ta kasuwa," in ji Yaya. "Ina sauran?"

Sanusi ya yi dariya ya ce, "Yaya, rumbunka lahiya lau shike. Kwamfutarka ta ba ta iya ƙirga abin da yaw wuce haka."

Ya yi masa bayanin cewa lokacin da aka ƙera irinta, ba a yi tsammanin rumbu zai kai wannan girma ba, sai aka ba ta lissafin da ke tsayawa a wani wuri. Abin da ke bayan nan yana nan daram, ita ce ba ta ganinsa. Ya ba shi shawarar ya sauya kwamfuta. Yaya ya ce ba ta yi masa laifin komai ba, ba zai rabu da ita don tsufa ba. Na ga gardamar ba mai ƙarewa ba ce, ni kuma ina da tuwon dare a gabana, sai na yi tafiyata. Wannan fitar da na yi ita ta jawo mini haushin shekara takwas.

Ciwon da ya ɗauke Yaya bai yi sati biyu ba. Bayan sadakar arba'in muka buɗe akwatin Baba, muka tarar ruwan damina ya shiga ta tsatsa, zaren kaset duk ya manne da juna. Ban damu sosai ba, na san Yaya ya juye. Na kunna kwamfutarsa na duba ko'ina. Akwai muryoyin maƙwabta kaɗan, waɗanda ya yi aikinsu a ƙarshe. Na Baba babu ko ɗaya. Sai na haɗa lissafina: rumbu ya zo masa a gajarce, mutane suna ta kawo nasu, ya goge namu don ya samar musu wuri, da niyyar zai sake juyewa wata rana. Ya yi kama da halinsa ƙwarai. Mutum ne da zai ba baƙo abincinsa ya ce ya ƙoshi.

Sau ɗaya Inna ta tambaye ni, "An samu muryar?" Na ce tukuna. Ba ta sake tambaya ba, kuma shirunta ya fi mini zafi fiye da a ce kullum tana yi. Wasu dangi suka ce a wanke kwamfutar, wato a goge komai, a sayar tun tana da daraja. Na hana. Kada mai karatu ya ɗauka hangen nesa ne, taurin kai ne kawai irin na gidanmu. Na lulluɓe ta da tsohon zane na tura ta lungun ɗaki, don ko ganinta ba na son yi.

Shekara biyu da suka wuce, Sanusi ya kawo 'yarsa makarantar da nake koyarwa a Gidan Dahala. Ashe tun kafin rasuwar Yaya ya koma Kano, bai daɗe da dawowa ba. Bayan ya yi mini ta'aziyya sai ya ce, "Malama, kun dai raba ma mutane muryoyinsu ko?" Na ce wane muryoyi, ai ko na ubanmu bai bari ba. Ya dafe kai. Ya ce ranar gardamar nan, bayan fitata, sun raba rumbun gida biyu. Kashin gaba shi ne wanda tsohuwar ke gani, a nan Yaya yake aiki. Kashin baya kuwa Sanusi ya ɓoye mata shi, domin in aka tilasta mata rubutu a can sai lissafinta ya kewayo ta rubuta a kan na farko ta ɓata shi. Duk Asabar Yaya yakan kwance rumbun, ya naɗe shi a hankici ya sa a aljihu, ya je shagon su haɗa shi da sabuwar kwamfuta, ya kwashe aikin da ya gama zuwa kashin baya. Da Sanusi ya tashi, Yaya ya ci gaba da yi a wurin wanda ya gaji shagon. Na sha ganinsa yana fita da hankicin nan, na ɗauka goro ne.

Kashegari bayan la'asar Sanusi ya zo da kwamfutar hannu da wata 'yar igiya. Ya gargaɗe ni cewa ƙarfen da ya yi shekara takwas a kwance ba lallai ya tashi ba. Ya tashi. Kashin baya ya bayyana, gida gida, kowanne da sunan mai shi. Na farko a jere an rubuta masa "Gidanmu". Namu ya fara adanawa, a inda tsohuwar kwamfutarsa ba za ta iya taɓawa ba. Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai.

Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na kira Inna. Da aka kunna, ba Baba ne ya fara magana ba. Ashe Yaya yakan yi wa kowane kaset gabatarwa da bakinsa. Muka ji ya yi gyaran murya ya ce, "Wanga kaset na Baba na, na hwarko, daga kudu, cikin rani." Inna ta ɗora hannu a ƙirji ta ce, "Umaru." Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Sannan Baba ya shigo da sallamarsa, ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce a gaida masu gida.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga zamanin nan. Wayar da ke jakata ta fi rumbun da ya yi wa rigima wurin ajiya, kuma fataken yanzu saƙon murya suke turowa daga kudu, ya iso kafin su rufe baki. Na tabbata zai yi murna, sannan ya tambaya wa ke adana su, tunda da waya ta faɗa ruwa shi ke nan. Sanusi ya ce har yau matsalar tana nan, ta matsa gaba ne kawai. Akwai kwamfutocin da in ka ɗaura musu rumbu ya wuce tera biyu, wato giga dubu biyu, ba za su ga saura ba sai an sauya tsarin rabon. Kullum yana samun masu zuwa da faɗa cewa an cuce su. Shawararsa ɗaya ce, kada ka wanke rumbu don tsohuwar na'ura ta ce babu komai a ciki, ka gwada shi a wata tukuna.

Mun kwafe komai a wurare uku, muka bi gidajen Ƙofar Atiku muna mayar wa kowa da nasa. Wasu masu kaset ɗin sun riga mu gidan gaskiya, sai jikoki suka karɓa. Na ga magidanci mai 'ya'ya biyar ya ji muryar kakansa karo na farko, yana faɗa a kan wanda ya bar tunkiya ta ci dawa. Yaya bai bar gida ko mota ba. Abin da ya bari shi ne wannan, kuma yana yawo yanzu daga waya zuwa waya a hannun mutanen da ba su san shi ba. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini zargin da na yi masa.

Na sa wa Inna namu a wayarta, amma idonta ya yi rauni, ni ke kunna mata. Baba har yanzu ba ta kama sunansa. Amma kusan kowace yamma, in na dawo daga makaranta, sai ta miƙo mini wayar ta ce, "Sanya min Umaru, kada ki tsallake wurin da shika magana."