Tudun da Ba a Rubuta Ba

Shekara tara ke nan da muka raka yayana Laminu makwancinsa. Da yawa a Dakoro ba su san shi da wani suna ba sai Mai Zamiya, kuma shi ya jawo wa kansa.

Laminu ya daɗe yana ci-rani a ƙasar Turawa, a wani garin duwatsu inda ake ɗaura katako a ƙafa a zamo kan ƙanƙara. Wasan masu hali ne, shi nasa share musu hanya. Da ya dawo, maimakon ya kawo mota kamar sauran 'yan ci-rani, sai ya tsaya gaban tudun rairayin da ke hanyar Korahane ya ce ga namu nan. Na ce rana ce ta taɓa shi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya kuwa san haka. Kafintocin bakin kasuwa suka fere alluna da ragowar katako. Mushen lekwal, wato malamin makaranta, ya ajiye su a ajinsa, duk iyalin da ke so su ara ran Lahadi, ba a karɓar ko dala. Makiyayan da burtalinsu ya bi gindin tudun suka yarda su kauce da shanu a ranar. Matan ruga har man shanu suka kawo a shafa wa katakon ya yi santsi. Rairayi ya manne masa, allon ya ƙi motsi, Laminu na tsaye a kai kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Daga baya aka gano kyandir ne maganin.

Abu ɗaya muka yi ta gardama a kai. Na ce a je meri, ofishin magajin gari, a rubuta cewa tudun na wasan jama'a ne. Ya ce, "Ke Hadiza, mi za a yi da takarda? Dattawa sun yi magana, an shafa fatiha. Wa zai tada ta?" A nan ya yi kuskure, kuma har yau haushinsa da kewarsa tare suke zo mini.

Dattawan sun bi shi ɗaya bayan ɗaya. Bara manyan motoci suka fara kwasar yashi daga gabashin tudun, gari na ta gini. Ban ga laifin masu kwasa ba, don da aka duba babu inda aka ce wurin na kowa ne. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga ramin. Na san halinsa: zai ce gangaren ya ƙara daɗi, sannan ya shiga ɗaki ya ƙi cin tuwo.

Watan jiya na yi abin da ya hana ni. Na kira 'ya'yan kafintocin, da sabon mushe, da ardon makiyaya, da matan da suka zame tudun suna ƙanana, yanzu ga su da goyo, muka tafi meri. Ma'aikacin ya ce takarda ba ta yiwuwa sai da sunan mai wuri. Wasu suka ce a sa Laminu. Na ƙi, don da ransa bai taɓa cewa "tuduna" ba. Sai wata Bafulatana daga cikin matan ta ce wa ma'aikacin, "Mushe, rubuta ɗiyan Dakoro, da waɗanda aka haihwa da waɗanda ke tahe." Haka aka rubuta, aka buga hatimi.

Rabin tudun ya riga ya shige bangon gidajen mutane, ba mai dawo da shi. Rabin da ya rage yanzu an hana mota taɓa shi. A kan mutane ka yi gaskiya, Yaya, ba wanda na kira ya ƙi zuwa. A kan takarda kuwa ni na yi gaskiya, kuma da na san abin da rashinta zai ci, da na je meri ba da saninka ba. Allah ya jiƙan ka.