Iyafis ɗin Kawu Iro

Duk wanda ya san Kawu Iro, ƙanen mahaifiyata, a kan tsohon kekensa ya san shi, 'yar rediyo a aljihun gaba, iyafis toshe da kunnuwa biyu. Shekarar da sojoji suka koma bariki ya tsiri abin. In ka tambaye shi dalili, sai ya ƙura wa bakinka ido, ya ce, "Badujala nike tsaro. Ran da suka dawo, ni zan riga kowa ji."

Gaisuwa kuwa ya haddace ta bi da bi. Kai dai ɗaga hannu, shi zai jero maka: "Lahiya lau. Ba gajiya. Iyali lahiya." Wata rana a Ƙofar Guga wani mai shago ya ƙwala masa kira, "Malam Iro, rami gabanka!" Kawu ya ɗaga hannu, "Lahiya lau!" Sai ga shi cikin ramin, shi da keken.

Ran da ɗan kabu-kabu ya goge shi a Ƙofar Ƙaura, 'yan kallo suka rabu biyu. Wasu suka ce gudun mai babur ne, wasu suka ce wanda ya toshe kunnensa a kan titi shi ya jawo wa kansa. Mai babur yana ta rantsuwa sau uku ya yi hon. Kawu ya kakkaɓe rigarsa ya ce masa, "Madalla, a gaida gida."

Ni kam tsoro ya kama ni. Na tare shi a zaure, na ce, "Kawu, don Allah ka cire ko ɗaya ne, kada mota ta kashe mana kai."

"Ɗiyata, direba na da ido biyu, motar tasa ma biyu. Huɗu ba su isa su gan ni ba?"

Ƙarshe dai a kan tabarmarsa ya rasu, zazzaɓin kwana uku. Rediyon ta faɗo a hannuna. Na buɗe bayanta in sa batir, sai na tarar da wurin duk tsatsa, ya yi shekara da shekaru babu komai. Na kai wa Inna Rabi, matarsa.

Ta ce, "Ai tun kafin zaɓen da ya mai da sojoji bariki kunnen ya tafi. Cewa ya yi gara a kira shi mai taurin kai da a kira shi kurma."

Na zauna na yi kuka, don ni na fi kowa yi masa tsiya. Allah ya jiƙan Kawu Iro, ya sa sallamar mala'iku ta shiga kunnensa tar, ya amsa ta daidai.