Masakin da Ya Ƙetare Tafkinmu

Shekarun baya masu nisa, tun Turawa na riƙe da ƙasar nan, an taɓa raba mana tafki gida biyu saboda man da har yau ba wanda ya sa shi a ido. Abin da ya tuno min shi ne, jiya jikata ta kunna rediyo na ji ana labarin wasu ƙasashe sun ja daga a teku, kowacce ta turo jiragen yaƙinta, wai akwai mai da gas a ƙarƙashin ruwan kuma kowa ya ce nasa ne. Na yi ta dariya har yarinyar ta zaci tsufa ne ya fara taɓa ni. Na ce mata ai mu mun riga su, sai dai mu jirginmu masaki ne, babbar ƙwaryar nan da ake tara hatsi a ciki.

Ni maginiyar tukwane ce, kuma a hannun mahaifiyata na koya. An haife ni a wani ƙauye ta wajen Rogo, aka kai ni aure wani ƙauyen ta wajen Karaye, tsakanin garuruwan biyu kuwa ba komai sai fadama da tafki. In na tsaya bakin ruwa ta ɓangaren gidan mijina, ina hango rimin ƙofar gidanmu. A gefen garin mijina ake haƙo baƙin yumɓu mai danƙo, a gefen garinmu ake samun jar ƙasa mai yashi-yashi, kuma tukunya ba ta jure wuta sai an cuɗa biyun. Saboda haka matan garuruwan kullum muna haɗe a bakin ruwa, ana haƙa ana gulma. Ni dai ban san zafin aure nesa da gida ba, don kusan kowace hantsi ina ganin Inna.

Ina da ƙaramin cikin fari ƙanin mijina ya dawo daga cin rani. Can kurmi ya je, har bakin teku, inda ya yi leburanci wa Turawa masu neman mai a cikin ruwa. Ya dawo da wata hular kwano da ta yi masa yawa, da labari cike da baki. Kullum bayan la'asar maza na kewaye da shi a gindin tsamiya, yana ba su labarin yadda ake cusa bututun ƙarfe a ƙarƙashin ruwa a zuƙo abin da ake yin kananzir da fetur da shi. Ya ce Turawan ma ba bakinsu ɗaya ba, na wannan ƙasa na rige-rige da na waccan, kowa na so ya riga kafa alamarsa. Ya ce garin da aka samu mai a ruwansu ya gama da talauci har jikoki. Ni da shi akwai wasa irin na matar wa da ƙanin miji, don haka na sa masa suna Baturen teku, ina ce masa mutumin da ko rijiya ba ya iya leƙawa yau shi ne masanin ruwa.

Ana cikin haka, da kaka, sai ga wani Bature mai awon ƙasa da leburorinsa. Suka kafa wani ƙarfe mai ƙafa uku, ya leƙa nan ya leƙa can, ya sa aka dasa dogon turken ƙarfe a tsakiyar tafki, ya ɗebi ruwa a kwalba, ya hau dokinsa ya tafi. Bai yi wa kowa bayani ba, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin tambayarsa. Amma kafin magariba kowa a garuruwan biyu ya riga ya san cewa mai ne. Ƙanin mijina ya dafa hularsa ya ce shi dama tun da ya ga yadda ruwan ke ƙyalli da safe ya yi zargin haka.

Tafkin da tun kakanni ba a taɓa tambayar na wa ne ba, sai ga shi ya yi masu shi har gida biyu. Mazan garin mijina suka shiga ruwa suka jera turakun icce can bayan ƙarfen Bature, suka ce nan iyakarsu take. Mazan garinmu suka tuge su, suka jera nasu ta wannan gefen. Aka yi ta tugewa ana dasawa, har aka kai ga fito da sanduna. Da dattawa suka ga za a zubar da jini, sai aka kai magana gaba, aka ce kowa ya ja da baya a jira Bature ya zo rangadi ya yanke. Aka bar layi biyu na turaku, tsakaninsu wani fili na ruwa da bai fi faɗin tsakar gida ba, ƙarfen nan a tsakiya, aka ce ba mai shigarsa. Kowane gari ya ajiye mai gadi. Na garin aurena ƙanin mijina ne, tunda shi ne masani. Na garinmu kuwa yayana ne, wanda muke ciki ɗaya.

Da abin ya tsaya a nan da da sauƙi. Amma maza in zuciya ta ɗebe su ba sa tsayawa sai sun rantse. Mijina ya rantse a gaban jama'a cewa matarsa ba za ta taka ƙasar su wancan gari ba sai an yi hukunci. Da labari ya ƙetara, mahaifina ya mayar da irinta a kan Inna. Masu gadin biyu ma suka rantse ba za su taka ruwan tsakiya ba, kuma ba za su bar kowa ya taka ba.

Kowa ya san mace mai cikin fari gidansu take komawa ta haihu, uwarta ta yi mata wankan jego. Ni ban samu wannan ba. A gidan miji na haihu, uwar mijina ta yi min wanka da kunun kanwa, kuma Allah ya saka mata, ba ta rage ni da komai ba. Amma ranar suna, da na ji maroƙi yana ambaton dangi ban ji muryar kowa daga gidanmu ba, na juya fuskata bango na yi kuka. Namiji na haifa, jikan Inna na farko, ga ta can ƙetaren ruwa tana jin kiɗan sunan ba ta ga ko tafin ƙafarsa ba.

Sana'a ma ta tsaya. Matan wannan gefe suka gina tukwane da baƙin yumɓu zalla, da aka sa wuta sai ka ji suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Na can suka gwada da jar ƙasa kaɗai, tun ba a kai ga wuta ba take rugujewa. Randa ta yi wuya, tulun da ya tsage sai a liƙe shi a ci gaba da lallaɓawa. Inna ce ta samo dabara. Ta ɗaure masakinta da igiyar guga biyu, ta ƙulla dutse a bakin ɗaya ta wurgo wa matan wannan gefe. Sai ta cika masaki da jar ƙasa a jawo shi ta kan ruwa, a juye, a zuba mata baƙin yumɓu ta ja abinta. Masu gadi suka yi shawara daga nesa da ɗaga murya, suka ga ba mutum ne ya shiga ba, suka kau da kai. Ba a daɗe ba masakin ya fara ɗauko daddawa da kuka, har da tsumman goyo da Inna ta aiko wa jariri.

Da na gama arba'in na fito bakin tafki da goyona. Rani ya yi nisa, ruwan ya janye, tsakiyar bai wuce gwiwa ba. Inna na tsaye a bayan turakunsu, ni ina bayan namu. Na kwance yaron na ɗaga mata shi sama. Ta kare ido da hannu, ta matso har cikinta na taɓa turke, ta daɗe tana kallo. Idonta dama ya fara rauni.

"Ba na ganinsa, 'yar nan," in ji ta. "Zani kawai nake gani."

Ta faɗe shi a hankali, ba kuka ba ƙorafi, kuma wannan ne ya fi ci min rai. Na duba masakin nan da aka gama juye ƙasa, yana lilo a gabana. Na san abin da yake ɗauka, don ƙasar da ake loda masa ta ninka yaron nauyi. Na ɗauraye shi, na shimfiɗa zanina a ciki, na kwantar da ɗana yana barci, na yi bisimilla. Yanzu in na tuna sai in ce ƙuruciya ma wani ciwo ce, amma a ranar ko ɗar ban ji ba. Ƙanin mijina ya taso daga inuwarsa yana tambaya me nake shirin yi. Na ce masa jirgi zan sallama, tunda shi ne ya san teku sai ya yi mana addu'a.

Inna ta fara ja a hankali, ni ina sakin tawa igiyar kaɗan-kaɗan. Matan da ke haƙa duk suka miƙe tsaye. Masaki ya wuce turakunmu lafiya, ya shiga ruwan da aka hana. Yana kaiwa tsakiya sai igiyar Inna ta sarƙe a jikin ƙarfen Bature. Ta ja, masakin ya juya ya bugi ƙarfen. Yaron ya farka, ya callara kuka, ya fara harba ƙafa, masakin ya soma karkata gefe.

Ban san lokacin da hular kwano ta wuce ta gabana ba. Ƙanin mijina ya tsallake turaku ya faɗa ruwa, ta can kuma yayana ya yar da sandarsa ya yanko a guje. Tare suka isa. Wannan ya cafe baki ɗaya na masakin, wancan ya cafe ɗayan, suka ɗaga shi sama su biyu, ruwa na zuba daga rigunansu. Ko ɗigo bai taɓa yaron ba. Sai da suka tabbata lafiyarsa ƙalau sannan suka dubi juna, suka dubi ƙafafunsu, suka gane inda suke tsaye.

Inna ce ta tattare zaninta ta ratso ta tsakanin turakunsu, tana tafe tana laluben ƙasa da ƙafa har ta iso gare su.

"Tunda dai kun shiga, ku miƙo min mijina in gan shi."

Haka kaka ke kiran jikanta namiji da wasa. Ta ɗauke shi ta kawo shi dab da fuskarta, ta shafa kansa, ta buɗe 'yan yatsunsa, ta ce wannan angon nata mummuna ne, hancin gidan ubansa ya kwaso. Tana faɗa hawaye na bin kumatunta. Ni ma sai na tsinci kaina a gefenta, ruwa har gwiwa, ban ma san na ƙetare turke ba. Daga nan matan gefe biyu suka shigo ganin jariri, aka cika wurin da aka ce ba mai shiga, ana barka ana gaisawa bayan 'yan watannin da ba a haɗu ba.

Da yamma magana ta je gaban liman. Ya saurara, ya ce rantsuwar da ke raba uwa da 'yarta dama ba abin riƙewa ba ce, kowa ya yi kaffara ya huta. Mijina da mahaifina da masu gadin biyu duk suka yi azuminsu. Na sha tsokanar ƙanin mijina a kwanakin nan, ina wucewa ta gabansa da fura ina tambayarsa ko a teku ma haka ake gadi. Turakun kuwa ba wanda ya ba da umarnin cire su. Mata ne suka riƙa zare su ɗaya-ɗaya suna gasa tukwane da su, kuma sun ci wuta sosai.

Bature mai awon nan bai dawo ba. Daga baya muka ji wai taswira yake zanawa, wasu suka ce madatsar ruwa ake nema wa wuri, ba mu dai tabbatar ba. Ƙarfensa ya daɗe a tsaye muna shanya tsumma a kai in ruwa ya janye. Ɗan nawa har ya yi furfura abokansa na ce masa shi ne mutum na farko da ya shiga jirgin ruwa a ƙasarmu.

Ba zan ce na fahimci rigimar manyan ƙasashe ba, ni da ko tekun ban taɓa gani ba. Wataƙila nasu man na gaske ne, ba irin namu ba. Amma duk lokacin da na ji an ja layi a kan ruwa, ba man nake tunawa ba. Tambayar da ke zo min ita ce su wa aka bari tsaye a wannan gefe da wancan suna kare ido da hannu. Ni nawa ya zo da sauƙi, na gode Allah, na yi zaman aurena lafiya, na gina tukwanen da ban san adadinsu ba da ƙasar gari biyu.

Masakin yana nan a ɗakina. Inna ta bar min shi da za ta rasu, ya tsage an ɗinke shi, ba ya riƙe ruwa yanzu. Jikata ta sha cewa in ba ta shi ta zuba wanki. Nakan ce mata ta nemi roba, wannan babanta ya riga ta shiga.